RA'AYINMU: WANDA YA CI CACA YA FI KOWA SHIGA HAƊARI

Akwai wata cuta da ta shigo mana gida tana cin samarinmu a ɓoye, tun daga Agege da Idi-Araba a nan Ikko, zuwa Sabo ta Ibadan, har Fagge da Tudun Wada can Arewa. Cutar kuwa ita ce cacar da ake yi ta wayar hannu. An sha yin magana a kan wanda caca ta cinye wa jari. Yau muna so mu yi magana a kan wanda ba a cika tausaya masa ba, watau wanda ya ci. A ganinmu, saurayin da ya zuba Naira 500 ya wayi gari da miliyoyi a asusunsa, shi ya fi kowa shiga haɗari, shi kuma ya fi bukatar a kama hannunsa tun da wuri.

Caca dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dattawanmu suna tuna zamanin da ake cika takardar cacar ƙwallon Ingila, a zauna jiran sakamakon ranar Asabar. Suna kuma tuna na'urar nan ta kalo-kalo, wadda Gwamnatin Soja ta kafa dokar hana ta a 1977. Amma a wancan zamani sai mai caca ya taka da ƙafarsa, ya ƙirga kuɗi da hannunsa a gaban jama'a, sa'an nan ya jira mako ya zagayo. Kunya da jira suna rage ɓarna. Tun da NairaBet ya buɗe a 2009, Bet9ja ya biyo baya a 2013, wasu da yawa suka bi sahu, sai gidan caca ya koma cikin aljihu, ba ya rufewa dare ko rana. Akwai ƙwallon kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintoci, akwai wasan jirgin da kan tashi ya ɓace cikin daƙiƙoƙi. Kuɗi kuwa daga asusun banki suke zarcewa, mutum bai taɓa takardar Naira ba, balle ya ji zafin rabuwa da ita.

To, me ya sa muka ce wanda ya ci shi ne abin ji wa tsoro? Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka mai suna Robert Custer, wanda ya buɗe sashen jinyar 'yan caca a wani asibitin tsofaffin sojoji na Jihar Ohio a 1972, ya lura cewa masu wannan cuta sukan bi hawa uku. Na farko hawan ci, na biyu hawan asara, na uku hawan da mutum ya rasa mafita. Ya kuma lura cewa da yawa daga cikin majinyatansa wani babban ci da suka yi tun farko ne ya ɗaure su. Watau ranar murna ita ce ranar da tarko ya kama.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. A ce ga ɗan dako a kasuwar Mile 12, ko mai tuƙa Keke Napep a Kaduna, ya ci Naira miliyan 3 a dare ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne a wata, ke nan ya sami abin da ƙaramin ma'aikaci zai yi fiye da shekara 3 yana nema. Daga ranar ma'aunin kuɗi ya lalace masa. Ribar yini da yake alfahari da ita jiya, yau ta zama abin raini. Naira 500 ba ta ƙara sa zuciyarsa bugawa, sai 20,000, sai 100,000. Yana kuma gaya wa kansa cewa ai kuɗinsu ne yake juyawa, ko sun tafi ba a yi asarar komai ba. Mafi muni, ya ɗauka cewa sanin ƙwallo ne ya ba shi, alhali kuwa dace ne kawai.

Bari mu yi lissafi a fili, domin shi lissafi ba ya son kai. Ga misali, wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki. Mutum biyu kowa ya zuba Naira 100, ɗaya nan, ɗaya can. Mai caca ya karɓi 200, ya biya wanda ya dace 190, ya riƙe 10. Yanzu a haɗa irin wannan wasa guda 10 a tikiti ɗaya, kamar yadda samari suke so. Damar a dace da dukkansu ita ce 1 cikin 1,024. Idan mutum 1,024 kowa ya zuba Naira 100 a kan zaɓi daban, an tara 102,400. Mutum ɗaya zai karɓi wajen 61,300, sauran 41,000 da ɗoriya kuwa sun shige aljihun mai caca. Hoton mutum ɗayan nan za a nuna wa duniya, sauran 1,023 babu mai jin labarinsu. Shi ma ɗayan, muddin ya ci gaba da zubawa, lissafin nan zai karɓe abin da aka ba shi, ya haɗa da nasa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Sa'ad da kuɗin suka fara zurarewa, sai a shiga bin sawun asara. Mutum ba riba yake nema ba kuma, so yake ya koma inda yake ranar da ya ci. A sayar da babur, a taɓa kuɗin adashi, a taɓa na uban gida. Daga nan sai manhajojin ba da rance, waɗanda wasunsu kan aika wa duk mutanen da ke cikin wayar mutum saƙon tozarci idan ya kasa biya, abin da ya sa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta kai wa wasunsu samame a Ikko a 2022. Daɗin daɗawa, ɗan Arewa yana da wani nauyi na daban. Addini ya haramta caca, don haka ko ranar da ya ci ma bai iya faɗa wa iyayensa gaskiyar inda kuɗin suka fito ba. Ƙaryar da ya fara yi ranar samu ita ke hana shi neman taimako ranar rashi.

Ya kamata jama'a su sani cewa likitoci sun daɗe da ɗaukar wannan abu a matsayin cuta. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin jerin cututtuka tun 1980, a 2013 kuma ta ajiye shi sahu ɗaya da shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta yi a sabon jerinta da ya fara aiki a 2022, ta kuma ƙiyasta a 2024 cewa wajen mutum 12 cikin kowane baligi 1,000 a duniya suna fama da shi. Tun da cuta ce, ashe tana da magani. Ga shawararmu ga duk wanda wannan magana ta shafa.

Da farko, ka faɗa wa wani. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, ko mahaifi, ko wa, ko matarka, ko malamin unguwa, ka gaya masa duka: nawa ka ci, nawa ka mayar, nawa ake bin ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita wannan cuta a cikin sirri take ƙiba.

Na biyu, in akwai sauran kuɗi, ka kwashe su daga asusun caca yau, kada ka bari sai gobe. Ka kai su inda hannunka ba zai kai gare su da tsakar dare ba. Ka ba amintaccen nan katin cire kuɗinka, ya riƙa ba ka na cefane da na mota. Hukuncin abin da za a yi da kuɗin caca, wannan fagen malamai ne, ka je ka tambaye su. Mu dai abin da muka sani shi ne, muddin suna cikin waya, komawa za su yi inda suka fito.

Na uku, ka rufe ƙofa. Ka nemi kamfanin ya rufe maka asusu, ka share manhajojin daga wayarka, ka fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram na masu sayar da sakamakon da wai ba ya kuskure. Ka tambayi kanka, wanda ya san sakamakon gobe tabbas, me zai sa ya sayar maka da shi a kan Naira 2,000? In ta kama ka koma riƙe ƙaramar waya wadda ba ta hawa intanet na wata 3 ko 6, to ka koma. Babu abin kunya a ciki.

Na huɗu, ka je banki ka karɓi takardar bayanin asusunka, ka zauna da biro ka tara duk abin da ka tura wa caca a gefe guda, abin da ta ba ka a gefe guda. Zuciya takan riƙe ranar ci ta manta da ranakun asara, amma takarda ba ta mantuwa. Sa'an nan ka haƙura da abin da ya tafi. Tunanin cewa sau ɗaya kawai za ka ƙara ka fanshe, shi ne ainihin cutar.

Na biyar, ka san lokutan da abin yake taso maka. Ga mafi yawa ranakun Asabar da Lahadi ne a gidan kallon ƙwallo, ko ranar albashi, ko dare idan mutum yana shi kaɗai. Ka cika waɗannan lokuta da aiki ko da zama cikin mutanen kirki. A makonnin farko za ka iya jin ƙunci, da saurin fushi, da rashin barci. Wannan sananne ne, yana kuma raguwa. Sha'awar takan taso da ƙarfi, in ka tashi ka fita ko ka kira wani, sai ta lafa.

Na shida, ka ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba, da Aro ta Abeokuta, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Idan kuwa har zuciya ta fara raya maka ka hallaka kanka saboda bashi, kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai, ka faɗa wa wani nan take. Bashi ana biyansa sannu a hankali, rai kuwa ba a mayar da shi. In ka yi tuntuɓe ka koma caca, ka sake tashi ka faɗi gaskiya, domin da yawa daga waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa da abokai, kuna da naku laifin, kuna da naku aikin. Ranar da yaro ya shigo da kuɗin da suka fi ƙarfin sana'arsa, mutum nawa ne suka tambaye shi inda ya samo? Sai dai kowa ya miƙa hannu a ba shi nasa rabon. To, wanda ya ci daɗin ranar, bai kamata ya gudu ranar kuka ba. Kada ku tozarta shi a bainar jama'a, domin tozarci ƙara tura shi ɓoye yake yi. Kada kuma ku damƙa masa tsabar kuɗi wai ya je ya biya bashi, domin sau da yawa wannan sabon jarin caca ne. In za ku taimaka, ku tafi da shi wurin masu bin sa a tsara yadda zai biya da guminsa.

Daga ƙarshe muna kira ga hukuma. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta Tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, sai Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ke nan yanzu nauyin yana wuyan Gwamnoni da Majalisun Jihohi, babu sauran wanda za a tura wa laifi. A shekarar ne kuma Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano. Amma an rufe shago, wanda ke cikin aljihu fa? Ingila ta nuna hanya: tun 2020 ta wajabta wa duk kamfanonin cacar intanet masu lasisi shiga wani tsari da ake kira GAMSTOP, inda mutum zai rubuta sunansa sau ɗaya a rufe masa ƙofa ko'ina, ta kuma hana yin caca da katin bashi. Bankunansu da dama suna ba mai ajiya damar toshe tura kuɗi ga caca da kansa.

Babu abin da zai hana a yi haka a Nijeriya, tun da akwai tsarin lambar BVN. Muna roƙon jihohi su haɗa kai su kafa rajista guda ta masu son a hana su caca. Muna roƙon Babban Banki ya umurci bankuna su samar da hanyar toshewa. A tsananta hana yaran da ba su kai shekara 18 ba, a rage tallar caca a lokacin wasan ƙwallo, a kuma ware wani kaso na harajin da ake karɓa daga kamfanonin don jinyar waɗanda abin ya kama, tare da bayani cikin Hausa da sauran harsunanmu.

Kai kuma mai karatu, in ka san wani da ya ci caca kwanan nan, kada ka tsaya ga taya shi murna. Ka je ka zauna da shi tun kuɗin ba su ƙare ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.