Daga Bakin Zaure: Kifin Yana Ƙarƙashin Ƙafarka

A wannan karo labarin kaina zan ba ku, wato yadda na sha kunya a bakin Tafkin Volta, da kuma abin da na tsinta a cikin kunyar.

Ɗana da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York shi ya jawo mini. Shekararsa 7 rabonsa da gida, sai ga shi ya aiko mini da sandar fatsa irin ta Turawa, mai ɗan keken naɗe zare, tare da akwati cike da kifayen roba masu ƙugiya a jiki. Ya ce da irinta suke kama wani kifi da Amurkawa ke kira bas, suna zaune bisa gadar katako a bakin tafki ranar hutu. Ya ce, "Baba, tunda ka bar wa ƙannena kasuwa, ka gwada, ka turo mini hoton na farko da ka kama." Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Har na gaya wa uwargida kada ta sayi kifin miya a wannan mako.

Kun san dai na yi shekara 30 ina sayen banda a Yeji ina kaiwa Kumasi. Daga ƙamshi kawai nakan rarrabe tarwaɗa da ƙarfasa. Ashe a kwando na san kifi, ban san shi a ruwa ba.

Na sami wata 'yar gadar katako da masu jirage suka kafa bisa turaku a wani ƙauye kusa da Yeji. Kwana 3 ina zuwa da hantsi, in je can ƙarshen gadar in tsaya, in wurga ƙugiya iya ƙarfina, domin a tunanina babban kifi sai a tsakiyar ruwa. Ko motsi ban ji ba. Abin da na samu shi ne asarar kifayen roba 5, duk sun maƙale a ƙasa zaren ya tsinke. Dalili kuwa, lokacin da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya cinye daji da gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Kete-Krachi da kakanninmu fatake suka sani, aka tayar da mutane wajen 80,000. Itatuwan ba a sare su ba. Suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, su ne ke cinye ƙugiya, su ne kuma kan fasa jirage.

Duk kwanakin nan akwai wani dattijo da ke zaune a gefe yana ɗinkin koma. Mutumin Tongu ne, cikin ƙabilar Ewe, waɗanda su ne suka fi shahara da su a wannan tafki, kuma Hausarsa ta kasuwa ba laifi. Ina ganinsa, amma girman kai ya hana ni tambaya. A rana ta 4 sai da kansa ya ce, "Alhaji, wa kake jifa can nesa? Kifin yana ƙarƙashin ƙafarka."

Na ce, "Baba, yaya haka?"

Ya sa na durƙusa na leƙa tsakanin katakai. Ga ƙananan kifaye nan fal, suna tsattsagar gansakuka a jikin turaku. Ya ce inda ƙanana suka taru, nan babba ke laɓewa. Giwan ruwa maharbi ne, inuwa yake so da gindin dutse da kututturen itace, ya yi lamo har abinci ya gifta ta gabansa. Da na gaya wa ɗana wannan daga baya, ya ce ai halin bas ɗin ke nan, shi ya sa can ma suke neman gindin gada. Mu dai ba mu da bas a Volta, amma muna da wanda ya fi shi, domin giwan ruwa kan wuce kilo 100.

Ga abin da dattijon ya koya mini, ga duk mai sha'awa. Ka zo da asuba ko gab da magariba, ba da rana tsaka ba. Ka taka a hankali, domin ƙarar takalmi bisa katako tana sauka cikin ruwa, kada kuma inuwarka ta faɗa inda kake nema. Ka fara kama 'yar ƙarfasa da tana a ƙaramar ƙugiya, sannan ka soka mata babbar ƙugiya ta gadon baya yadda ba za ta mutu ba, ka saukar da ita a hankali kusa da turke. In za ka ƙulla zare ka jiƙa shi da miyau kafin ka ja, don kada ya ci kansa. Ka sassauta birkin keken yadda in kifi ya fizga zaren zai tafi maimakon ya tsinke. In ka fito da shi kuma kada ka cusa yatsa a murfin kunnensa, akwai ƙaya mai yanka kamar aska.

Da magaribar rana ta 5 na ji fizga har kafaɗa. Kifin ya yi tsalle ya girgiza kai, ni kuwa na ruɗe na ja da baya, santsin katako ya kwashe ni, da ba don dattijon ya cafke wuyan rigata ba da wani ne yake rubuta muku wannan fili. Ban iya iyo ba, kuma na san da yawanmu 'yan zango haka muke. Don Allah kada a bar yaro shi kaɗai a irin wannan wuri, kada kuma a yi ta wanka a bakin tafki, domin cutar fitsarin jini tana nan.

Kifin da ya kusa kashe ni bai kai kilo 2 ba. Na ɗauki hoto na tura Amurka, na ce zan kai gida in wanke kunyata. Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan yaro ne, ko ƙwai bai fara ba. In kowa ya ci yara, gobe banda ta ina za ta fito?" Raina bai so ba, amma na mayar da shi ruwa. A hanya na tsaya na sayi tarwaɗa, uwargida ta karɓa ba ta ce komai ba, wanda ya fi faɗa zafi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Shekara 30 ina cin abinci da gumin waɗannan mutane, ban taɓa zama na tambayi ɗayansu yadda ruwa yake ba, tsakanina da su sai nawa ne kwando. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma sai da na yi asarar kwana 3 da kifayen roba 5 kafin in tuna. Yanzu duk Juma'a nakan kai wa dattijon goro, ɗana kuma ya ce in Allah ya yarda zai zo da babbar salla mu zauna bisa gadar tare.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in muna da rai. Ku huta lafiya.