Taƙaddamar Naɗa Mata Fastoci A Ɗariƙar Baftis Ta Amurka

Sau biyu a jere, wato a birnin Indianapolis cikin 2024, da kuma birnin Dallas cikin 2025, wakilan Babban Taron Baftis na Kudu, wanda shi ne ƙungiyar Furotestan mafi yawan mabiya a Amurka, suka jefa ƙuri'a a kan shawarar a rubuta cikin tsarin mulkinsu cewa ba za a ci gaba da hulɗa da duk ikilisiyar da ta naɗa mace fasto ba. A dukan zaman biyu masu goyon bayan shawarar sun sami wajen kashi 61 cikin ɗari, amma gyaran tsarin mulki yana bukatar biyu bisa uku, saboda haka shawarar ta faɗi. Wanda ya dubi sakamakon sama-sama zai zaci masu sassaucin ra'ayi ne suka yi galaba. Ba haka al'amarin yake ba, gama yawancin waɗanda suka ƙi shawarar su ma ba su yarda mace ta shugabanci ikilisiya ba.

Tushen maganar yana can baya. A cikin 1979, a taron birnin Houston, wata ƙungiya ta masu ra'ayin riƙau a ƙarƙashin jagorancin wani alƙali mai suna Paul Pressler da malamin tauhidi Paige Patterson ta yi nasarar ɗora Adrian Rogers a kan kujerar shugaba. Abin da suka sa gaba shi ne aƙidar cewa babu kuskure ko kaɗan a cikin Littafi Mai Tsarki, ko a sha'anin tarihi ko a labarin halitta, kuma suna zargin malaman makarantun tauhidi da raunana wannan aƙida. Dabararsu mai sauƙi ce amma tana bukatar haƙuri. Shugaban Taro shi ke naɗa kwamitin da ke zaɓo wani kwamiti, wanda shi kuma ke gabatar da sunayen amintattun makarantun tauhidi shida da hukumomin aika masu bishara. Duk ɓangaren da ya riƙe shugabanci shekara goma a jere, to, makarantun sun koma hannunsa. Haka kuwa aka yi. Waɗanda aka kayar suka ja jiki suka kafa tasu ƙungiya a 1991, a 1993 kuma aka naɗa Albert Mohler shugaban makarantar tauhidi ta Louisville, ya yi mata garambawul.

Daga nan aƙidar ta sauko daga aji zuwa cikin gida. A 1998 aka ƙara wa takardar bangaskiyar ɗariƙar wani sashe da ke cewa miji ya ƙaunaci matarsa ya kuma jagoranci iyali, mace kuma ta yi biyayya ga jagorancin mijinta da yardar rai. A shekara ta 2000 aka sake bitar takardar, aka keɓe muƙamin fasto ga maza kawai, bisa fahimtarsu ta wasiƙun Manzo Bulus. A wannan shekara ce tsohon Shugaban Ƙasa Jimmy Carter, wanda ya daɗe yana koyar da darasin ranar Lahadi a garinsu, ya bayyana cewa ya raba gari da Taron. Irin nisan tafiyar da aka yi ya fi fitowa fili a batun zubar da ciki: wannan Taro da ya zama kan gaba wajen yaƙi da shi, a 1971 shi ne ya zartar da ƙuduri yana neman a halatta shi a wasu yanayi. A 2024 wakilan sun nuna damuwa a kan haɗa ƙwan haihuwa a ɗakin gwaji, a 2025 kuma suka nemi a soke hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 da ya halatta auren jinsi guda, suka kuma yi tir da cacar wasanni.

To, in haka ne, me ya hana shawarar wucewa? Amsar tana cikin wata tsohuwar ƙa'ida wadda 'yan Baftis ke alfahari da ita tun kafuwarsu, wato 'yancin kowace ikilisiya. Ba su da bishof, ba su da fada mai ba da umurni. Jama'ar ikilisiya su ke ɗaukar fastonsu, su ke sallamarsa, su ke mallakar gininsu, Taron kuwa asusun haɗin gwiwa ne kawai na aikin bishara da ilimi. Masu adawa da gyaran sun ce in aka fara rubuta sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, Taron zai zama mai binciken muƙamai, har ya kai ga korar ikilisiyar da ta kira mai kula da yara da sunan fasto alhali ba ta wa'azi a kan mumbari. Ikilisiyoyin baƙar fata, inda wannan laƙabi ya yawaita, sun nuna fargaba ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne ga ƙungiyar da aka kafa a 1845 a Augusta ta Jihar Jojiya saboda rigima kan mallakar bayi, wadda ba ta nemi gafara a kan haka ba sai 1995.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi: dokar da ake da ita ta riga ta isa. A 2023, a New Orleans, wakilai 9,437 suka tabbatar da korar Saddleback ta Kalifoniya, ikilisiyar da Rick Warren ya kafa, 1,212 kaɗai suka goyi bayanta, bayan ta naɗa mata uku a 2021. In aka iya korar ɗaya daga cikin manyan ikilisiyoyin ɗariƙar ba tare da gyaran ba, da wuya a ce rashinsa ya ɗaure hannun kowa.

Akwai kuma wani abu da ke ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya. Rahoton binciken da aka fitar a 2022 ya nuna cewa manyan jami'an Taron sun shafe shekaru suna kau da kai daga koke-koken waɗanda fastoci suka ci zarafinsu, suna fakewa da cewa 'yancin ikilisiya bai ba su ikon sa baki ba. Tambayar da matan da abin ya shafa suka yi tana da nauyi: yaya ƙa'idar da ta hana a hukunta mai lalata ba ta hana a kori ikilisiya saboda mace ta hau mumbari ba? A halin da ake wannan muhawara, yawan mabiya ya sauko daga miliyan 16.3 a 2006 zuwa ƙasa da miliyan 13 a 2023.

Nijeriya tana da alaƙa ta tarihi da wannan ƙungiya, domin ita ce ta aiko Thomas Bowen ƙasar Yarbawa a 1850, daga aikinsa ne kuma Taron Baftis na Nijeriya ya tsiro a 1914. Sai dai ƙudurin Dallas ko na Indianapolis ba ya hawa kan ikilisiyoyin Ogbomosho ko Kaduna. Tun 2004 ma Baftis na Kudu suka fice daga Ƙawancen Baftis na Duniya bisa zargin ya karkata ga sassauci, 'yan'uwansu na Nijeriya kuwa suka ci gaba da zama a ciki.