Ɗalibi Da Kiwon Kare: A Yi Lissafi Tukuna

Jama'armu mazauna Sabon Ibadan, Agege, Shagamu da sauran zangunan Kudu, da yawanku kuna da 'ya'ya can gida suna karatu a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko a Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya da ke garin. Ku ne kuke aika musu kuɗin abinci da na haya. To, idan yaro ya bugo waya ya ce a ƙara masa wani abu zai sayi ɗan kwikwiyo, irin ƙananan nan masu gashi buya-buya, kada a yi saurin cewa to.

Ba mu ce kare ba shi da amfani ba. Malamai sun halatta shi don gadi da farauta da tsaron dabbobi, kuma ɗalibin da ke haya a Tudun Wada ko Malam Inna ya san darajar haushi da tsakar dare. Amma fa a yi lissafi. Digiri shekara 4 ne, kare kuwa yakan yi shekara 10 har fiye. In an yi hutu yaro ya hau mota zuwa Ikko, wa zai ba shi ruwa? A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata 8 suna yajin aiki. Bayan digiri kuma ga bautar ƙasa a wata jiha. Karen da aka bari ba mai shi, bola zai koma, ya shiga cikin karnukan titi.

Nan ne haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Alhali allurar rigakafin kare ana yin ta a ƙasar nan, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos.

Saboda haka mai niyya ya cika sharuɗɗa. Ya nemi yardar mai gida da maƙwabta, domin tsakar gidan haya wurin alwala ne da wasan yara. Ya sami wanda zai riƙe karen in ya yi tafiya, tun kafin ya saya. Kada ya raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8. Ya kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki da allurar zawon jini mai kashe 'yan kwikwiyo, in ya cika wata 3 a yi masa ta hauka, a riƙa sabuntawa duk shekara.

Wajen zaɓe kuma, mu a ganinmu karen gida ya fi. Zafin Gombe a watan Maris da Afrilu yakan kai awo 40, mai dogon gashi kuwa wahala yake sha, ga kaska, ga kuɗin aski da abincin gwangwani. Karen gida tuwo da ɗan kifi sun ishe shi, sai dai a kiyaye shi da albasa da dafaffen ƙashin kaza.

In kuwa tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti ran nan, ba sai gobe ba.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yaron da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, ku ce masa ya haƙura ya riƙe littafinsa, in ya kama aiki ya yi gidansa ya ajiye. Allah ya ba yaranmu sa'ar karatu, amin.