Wayarki Ba Ta Lalace Ba, Uwargida

  Zancenmu na yau a kan waya ne, kuma na fi karkata shi ga 'yan'uwanmu na Batsari da Safana da ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, ko da ya ke abin ya shafi kowacce daga cikinmu.

Wataƙila ke ma abin ya taɓa samunki. Kin gama aikin gida, yara sun yi barci, kin ɗauko waya don ki kalli ci gaban Labarina ko ki saurari karatun malam, sai manhajar ta ce ba ta buɗewa sai an sabunta ta. Kin ba yaro ya gwada, wayar kuma ta ce ba ta iya ɗaukar sabuwar. Ga caji, ga data, gilashi ko tsagewa bai yi ba. Nan da nan sai ki ce ai waya ta mutu. To, kwantar da hankalinki, lafiyarta ƙalau. Kamfanin da ya yi manhajar ne ya yanke shawarar daina kula da irinta.

Wannan kuwa ba yau aka fara ba. A ƙarshen 2018 WhatsApp ya daina aiki a kan ƙananan wayoyin Nokia irin su Asha. A watan Oktoba na 2023 ya bar duk wayar Android wadda lambarta ba ta kai 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6. A wannan shekara ta 2025 ɗin dai sabuwar manhajar YouTube ta daina hawa kan iPhone 6s da 7. Kafin nan, a 2024, kamfanin fina-finai na Netflix ya daina sabunta tasa manhajar a kan iPhone 8 da X. Amma wadda rashinta ya fi taɓa talaka ita ce YouTube Go, wata 'yar manhaja marar nauyi da aka kawo Nijeriya a 2017. Da ita mutum kan sauke bidiyo ya ajiye, har ya tura wa na kusa da shi ba tare da ya taɓa datarsa ba. A watan Agusta na 2022 kamfanin Google ya fara rufe ta, ya ce babbar manhajar ta wadatar.

To, me ya sa su ke yin haka? Kowace waya tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, watau kamar harsashin gini, sauran duk a kanta su ke zaune. Kowace shekara ana fito da sabon harsashi. Kafin manhaja ta yi aiki a kan tsoho da sabo duka, sai kamfani ya biya ma'aikata su riƙa gyara da gwaji, kuma tsohon harsashi yana da ɓarakar da ɓarayin intanet ke iya kutsawa ta ciki. Wannan hujja tasu gaskiya ce, ba za mu ƙi ta ba. Sai dai idan za su yanke shawara, lissafin duniya baki ɗaya su ke dubawa, kuma inda kuɗin talla da na rajista ke fitowa can hankalinsu ya fi tafiya, watau Amurka da Turai, inda mutum kan canza waya tun ba ta tsufa ba. Matar da ke Runka ko Ruma ba ta da nauyi a wannan ma'auni.

Ga kuma inda abin ya fi shafarmu mu mata. Ki duba gidanku ki gani, wa ke riƙe da sabuwar waya? A gidaje da yawa maigida ne ke sayen sabuwa, tsohuwar ta koma hannun uwargida, idan ta ƙara tsufa ta gangara wajen 'yarta. Wadda ta sayi tata da kuɗin adashi kuwa galibi ta hannu ce. Saboda haka duk ranar da aka ce an bar tsofaffin wayoyi, ɗakin mata ne rufewar ke fara shiga.

Kada wani ya ce ai kallon fim ne kawai aka rasa. Matar da ba ta yi boko ba da saƙon murya ta ke gaisawa da maigidanta da ya tafi ci-rani Legas ko Abuja. Da shi ta ke jin lafiyar 'yar'uwarta da rashin tsaro ya kora zuwa Katsina ko Maraɗi. Mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinkin hula a waya su ke nuna hajarsu ba tare da sun fita ba. Ke kuma 'yar makaranta, tun 2015 da kwamfuta a ke rubuta jarrabawar JAMB, kuma darussa da yawa yanzu a bidiyo su ke. A 2022 ma'aikatar ilmi ta tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin karatu na Nigeria Learning Passport, wanda sai da waya ko kwamfuta a ke shigarsa.

Sayen sabuwa kuwa ba abin wasa ba ne. Wayoyin nan daga waje a ke shigo da su, da dala. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce, a 2024 ta haura 1,500. A watan Yuli na 2024 aka sa mafi ƙanƙantar albashi a naira 70,000, mata nawa ne a ƙauye ke ganin ko rabin wannan a wata? A watan Janairu na 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100.

Mutanen Batsari da Safana sun riga kowa sanin darasin da ke cikin wannan. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da waɗannan biyu, aka yi watanni a haka. A lokacin duk abin da ke can cikin intanet ya gagara, ko da wayarki ta jiya ce. Abin da ya rage wa mace shi ne karatun da ta ajiye a memori, da lambobin da ta rubuta a takarda, da rediyonta. Abin da ki ke kallo kai tsaye a intanet na aro ne, mai shi na iya karɓewa ran da ya ga dama, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

To, mene ne abin yi? Da farko kada ki yi gaggawar sayar da akuyarki ko 'yan kunnenki. Idan manhajar YouTube ta ƙi, sau da yawa shafin na buɗewa ta Chrome ko Opera Mini, a sa yaro ya gwada. Sa'an nan ki sayi memori. Duk abin da ki ka san kina buƙata, karatun Alƙur'ani ne, darasin lissafi ne ko koyon ɗinki, ki sa a tura miki ya zauna a hannunki. Lambobin 'yan'uwa kuma a rubuta su a littafi.

In kuwa sayen ya zama dole, kada kyan baya ko girman suna su ruɗe ki. Ki sa a buɗe saiti, a gangara inda bayanin wayar ya ke, a duba lambar Android ɗinta. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon shekarun da za ta yi miki. Sau da yawa sabuwar ƙaramar itel ko Tecno ta fi tsohuwar iPhone ta hannu daɗewa tana aiki. Kafin tsohuwar ta bar hannunki, ki cire layi da memori, a goge komai a gabanki, musamman hotunanki na cikin gida. Gidaje sun sha shiga rigima ta wannan hanya.

Ki kuma yi hattara da masu cin kasuwa a irin wannan ruɗani. Wani zai ce zai sa miki wani WhatsApp na daban mai aiki a kowace waya. Irin waɗannan na jabu ne, kuma kamfanin kan rufe lambar mai amfani da su. Wani kuma zai kira ki ya ce za a rufe naki sai kin karanto masa lambobi shida da aka turo miki. Kada ki ba kowa, da su a ke sace shafin mutum a riƙa roƙon kuɗi da sunansa.

Ku kuma 'yammata, ku saurara da kyau. Idan wayarki ta daina buɗe abin da na ƙawayenki ke buɗewa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne karɓar waya a ɓoye daga hannun namijin da iyayenki ba su san da shi ba. Mai ba ki wayar dubban nairori a bayan gida yana da abin da ya ke jira. In don karatu ne, gaya wa Mama ko Baba, ko ku haɗu ku uku ku huɗu a kan waya ɗaya a gidan da a ka yarda da shi.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumomin ilmi da na lafiya, da ƙungiyoyin da ke shirya wa mata darussa: kafin ku zuba kome a manhaja, ku tambayi irin wayar da ke hannun matan karkara. Ku yi shi yadda zai hau memori, ku kuma sa shi a rediyo. Maigida kuma, ran da za ka canza waya, ka tuna tsohuwar da za ka miƙa cikin gida wataƙila kwanakinta sun kusa ƙarewa.

'Yan'uwa, wadda ta ke da wata dabara da ta gwada ta ga amfaninta, ta rubuto mana don saura su ƙaru. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya mai da waɗanda su ka bar gidajensu. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, ku huta lafiya.