Mai ciwon ciki, a tambaye shi ko yana barci

A kowane ƙaramin gidan likita na karkara, daga Madarunfa har zuwa Magarya, ma'aikatan lafiya sun san wani irin majinyaci wanda ba ya daɗewa bai komo ba. Kukansa kullum ɗaya ne: ciki yana zafi, yana kumbura, yau zawo, gobe kuma bayan gida ya ƙi fita. An auna bayan gidansa ba a ga tsutsa ba, an auna jini ba a ga masassarar cizon sauro ba. A ba shi ƙwaya ya tafi, bayan sati biyu ga shi a kan benci. A zuwa na huɗu sai a ce masa ba ya da komi. Daga nan ya nufi masu tallar magani a kasuwa, ya wuce wurin boka, har akuyar gida ta tafi a neman sauƙi. Sau da yawa mace ce wadda maigidanta ya tafi cirani Libiya ko Abijan, shekara biyu ba aike ba labari, ko kuwa magidanci ne wanda rumbunsa ya ƙare tun ruwan shuka bai sauka ba. A duk wannan yawo babu wanda ya tambaye shi abin da ke damun ransa.

Alhali kuwa Bahaushe ya riga kowa sanin inda damuwa take sauka. Ya ce baƙin ciki, ya ce farin ciki. Mai ɓoye abin da ke ransa mai zurfin ciki ne. Wanda tsoro ya kama kuwa, an ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko kuma hanjinsa ya kaɗa. Ilimin likita ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya gaskata abin da ke cikin waɗannan kalmomi.

A shekarar 1822, a Amurka, harsashi ya huda cikin wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar ƙofa wadda ake iya hango tumbinsa ta cikinta. Lokotoron soja da ya yi jinyarsa, William Beaumont, ya shekara da shekaru yana duba yadda abinci ke narkewa ta wannan ƙofa, ya kuma buga abin da ya gani a 1833. Cikin abubuwan da ya lura da su akwai cewa idan saurayin ya fusata ko ya firgita, fatar tumbinsa takan sake launi, abinci kuma ya daɗe bai narke ba.

Yau an san dalili. A jikin hanjin mutum akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, waɗanda ke tafiyar da aikin narkar da abinci. Akwai kuma wata babbar jijiya, lokotoro suna kiranta vagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi wuya da ƙirji ta isa ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zarurukanta suna ɗaukar saƙo ne daga kayan ciki da na ƙirji zuwa sama; wato rahoton da ke tasowa daga ƙauye ya fi umurnin da ke saukowa daga babban birni yawa, abin da ma'aikatan gwamnati za su gane ba da dogon bayani ba. Idan mutum ya daɗe cikin fargaba, motsin hanjinsa yakan rikice, ya yi sauri ko ya yi nawa, kuma ɗan iskar da mai kwanciyar hankali ba zai ji ba, shi sai ta zame masa murɗa. Ciwon kuma ya hana shi barci, rashin barci ya ƙara damuwa, damuwa ta koma ciki. Saboda haka wanda aka ce masa ba ya da komi an yi masa rashin adalci, domin zafin da yake ji na gaskiya ne ko da awo bai nuna shi ba.

Wannan ciwo kuma yana da magani. A 2023 an bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 463 masu irin wannan rikicin hanji, waɗanda magungunan farko ba su yi wa amfani ba. An ba rabinsu ɗan kaɗan na amitriptyline, tsohon maganin baƙin ciki mai tsanani, kuma bayan wata 6 sun fi sauran samun sauƙin ciki. Zama da majinyaci a koya masa yadda zai sarrafa fargabarsa shi ma an tabbatar yana rage ciwon. Maganin kuwa lokotoro ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi.

Amma fa a yi hattara, domin akwai rami a ɗaya gefen hanyar. Shekaru masu yawa lokotoron duniya suna ɗora gyambon ciki a kan yawan tunani, suna ba majinyaci madara da shawarar ya kwantar da hankali. Sai a 1982 wasu mutum biyu a Ostiraliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi, Helicobacter pylori. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ƙwayoyin da kansa a 1984, ya kuwa kamu. An ba su kyautar Nobel a 2005. Fiye da rabin manyan mutanen Afirka suna ɗauke da wannan ƙwaya, kuma jinyar kwana 10 zuwa 14 takan kawar da ita. Haka nan yaron da tsutsar hanji ta shiga ta tafin ƙafarsa take shan jininsa: a aji sai ya yi ta hamma, ba ya riƙe karatu, malami ya kira shi daƙiƙi, alhali ƙwayar kashe tsutsa da maganin ƙarin jini yake bukata. Wanda ke aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci yana maƙale masa a wuya, wannan ba a tsaya tambayar tunaninsa. Babban asibiti za a tura shi nan take. Awo shi ne farko. Laifin da ake yi shi ne tsayawa a nan.

Masu tallar magani kuwa sun sami kasuwa a wannan giɓi. Mai ciwon ciki yakan sayi ibuprofen ko diclofenac ya sha ba abinci a cikinsa, su kuwa waɗannan ƙwayoyi su ne ke cinye fatar tumbi har su haddasa gyambo. Tramol yana ɗaure ciki, ya kuma ɗaure mai shansa. Jiƙon kanwa yana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, sai ya sa mutum ya jinkirta zuwa awo. A birane har an fara ganin ƙwayoyi masu tsada da ake cewa suna gyara ƙananan halittun hanji su faranta rai. Yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan ɓeraye aka yi shi, kuma kuɗin kwali ɗaya ya isa sayen nonon fura na kwanaki.

Abin da ke gaban hukumomin lafiya ke nan. Lokotoron tabin hankali kaɗan ne a Nijar, galibinsu kuma a Yamai suke. Mutumin ƙauye ba zai ce yana da ciwon rai ba, don gudun a kira shi mahaukaci, kuma ambaton sashen Pavillon E na babban asibitin Yamai kaɗai ya isa ya sa dangi su ɓoye nasu a ɗaki. Ciwon ciki kuwa ba abin kunya ba ne, da shi mai damuwa yake zuwa gidan likita da ƙafarsa. Tun 2008 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fito da tsarin mhGAP domin ma'aikacin ƙaramin asibiti ya iya gane baƙin ciki mai tsanani da fargaba, ya yi abin da ya dace ko ya tura majinyaci gaba. Wajibi ne makarantun horar da ma'aikatan lafiya na Yamai da Damagaram su ba wannan darasi matsayi daidai da na zawo da masassara, kuma a koyar cewa mai ciwon ciki da ya komo sau uku, awo bai nuna komi ba, a zaunar da shi a ce: «Inna, kina samun barci kuwa? Abinci yana shiga? Ina labarin maigida?» ko «Baba, yaya rumbu bana?»

Tambayar ba ta wuce minti biyar, ba ta bukatar na'ura ko mota. Sharaɗinta shi ne a rufe ƙofa, a roƙi uwar miji ko ƙanin miji da ya rako majinyaciya ya jira a waje, domin a gabansu amsarta ba za ta wuce «lafiya lau» ba.