A Haɗe Asusun Lafiya, Amma A Keɓe Kason Masu Sa Ido

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ajiye jarinsa a aljihu goma ya san wahalar lissafi. Wannan ne ya sa gwamnatin jihar Kaduna ta rungumi tsarin asusun bai-ɗaya a shekarar 2015, kuma hikimar ke nan da ta sa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu guda domin kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Dokar ta raba kuɗin dalla-dalla: kashi 50 ga inshorar lafiya, 20 ga magunguna da alluran rigakafi, 15 ga gine-gine da kayan aiki, 10 ga ma'aikata, sannan 5 ga taimakon gaggawa. Sai dai a cikin wannan rabo babu kason da aka ambata da sunan jami'an da ke zagayawa domin duba ingancin aikin.

A ganinmu nan ne gizo ke saƙar. Idan aka tara kuɗi a tukunya ɗaya, albashi da kwangila ne kan fara kwashe rabonsu, man motar mai duba asibiti kuwa sai abin da ya rage. Wuraren da ke nesa da hedikwata, irin su Jama'a, Kaura da Sanga, su ne kan fara ɗanɗana kuɗarsu, domin ziyararsu ta fi tsada.

Wannan batu ya shafi aljihun 'yan kasuwa kai tsaye. Dillalin citta a Kachia da ke biya wa yaransa kuɗin inshora yana buƙatar tabbacin cewa maganin da za a ba su ba jabu ba ne. Haka nan mai kantin magani na ƙwarai a Kafanchan ba zai iya gogayya da mai sayar da gurɓataccen kaya ba, muddin babu mai bincike.

Amincewa da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan a 2025 ta ƙara wa yankin nauyin da ke bukatar kulawa. Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin jihar da ta keɓe wa aikin sa ido layinsa a kasafin kuɗi, a kuma riƙa buga sakamakon binciken kowace ƙaramar hukuma duk bayan wata uku. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma ya kamata su nemi ganin wannan rahoto kafin su sabunta inshorar ma'aikatansu.