Reshe daban, sashe daban, ɓangare daban

A gidajen rediyo da shafukan labarai na ƙasar nan, ana yawan cakuɗa kalmomi ukku: reshe, sashe da ɓangare, alhali kowace da aikinta.

Reshe a jikin itace yake. Ƙungiyar ƙwadago mai cibiya a Yamai, in ta buɗe biro a Damagaram ko Tawa, reshenta ne. Sashe kuwa rabon aiki ne cikin gida guda, kamar sashen haihuwa a asibiti. Shi ko ɓangare, a bakin 'yan siyasa ɓaraka yake nufi. Haka aka riƙa cewa ɓangaren Seini Oumarou da ɓangaren Albade Abouba a MNSD Nasara, har aka kafa MPR Jamhuriya a 2015.

Saboda haka, ɗan jaridar da ya ce "ɓangaren Maraɗi" yana nufin reshe, ya shelanta rabuwar da ba a yi ba. Mamban da ke Agege ko Tamanraset yana ji, sai ya riƙe kuɗin da ya saba aikowa.

Tunda kundin 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya kamata ma'aikatu da 'yan jarida su tsaida suna guda ga kowane mataki, a rubuta shi a ƙofar kowane biro.